Yankari ko Gashaka? Masu kwanan daji ku ba mu shawara

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu shida ne abokai tun makaranta, mun ɗan yi adashi muna so mu fita daji bayan damina, ba irin fitar nan ta a je otal a ci kaza a ɗau hoto a dawo ba, so muke mu goya jaka mu yi tafiyar ƙasa mu kafa tanti mu kwana a dawa. To ra'ayi ya rabu, wasu sun ce Yankari wasu sun ce Gashaka Gumti, ni kuma Yankarin ma a hoto na san shi. Daga Kano za mu tashi. Wanda ya san kan abin don Allah ya taimaka, wanne ya fi, yaushe ake zuwa, me da me ake ɗauka.

Kawu Ɗanlami: Ikon Allah. Mu da muka sha wahala muka baro ƙauye don mu huta da kwanan gona, ku kuma kuɗi za ku biya ku je sauro ya cinye ku. In dai kwana a ƙasa kuke so ku zo gonata lokacin girbi, kyauta ne, har da tuwo.

Na Bauchin Yakubu: Wa alaikumus salam. Kawu a bar yara su ga ƙasarsu mana. Abban Sadiq, Yankari gidanmu ne amma gaskiya zan faɗa maka, in tafiyar ƙasa da kwanan tanti kuke nema ba can ba ne. Tsarin Yankari shi ne ka kama ɗaki a sansanin Wikki, da sassafe ko da la'asar ku shiga motar zagaye da ɗan jagora a bi da ku gefen kogin Gaji inda dabbobi ke saukowa shan ruwa, ku dawo ku faɗa ruwan Wikki ku jiƙa. Ba a barin mutum ya saɓa jaka ya nausa cikin daji shi kaɗai, akwai giwaye akwai ɓauna kuma ba sa wasa. Amma fa wurin ya cancanci a je. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, in ka shiga da daddare lokacin sanyi wallahi ba ka son fitowa. Sannan akwai kogunan dutse na Marshall guda 59 da mutanen zamanin baya suka haƙa, akwai rijiyoyin Dukkey, ga ɗan gidan tarihi a cikin sansanin. Hanya kuma ba wuya, in kun zo Bauchi ku ɗau titin Gombe, a Dindima ku karya dama har ƙofar Mainamaji, daga ƙofar zuwa Wikki akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai cikin daji, don haka kar ku bari yamma ta yi muku a hanya.

Maman Ilham: Ka manta ba ka gaya masa birai ba. Abban Sadiq in kun je Wikki duk abin da ke cikin leda ku ɓoye shi. Bika ce a wurin manya-manya, suna zaune suna jiran mota ta tsaya kamar 'yan kamasho a tasha, kana buɗe but kafin ka juya an yi gaba da burodi. Ni a gabana wani ya fizge ledar lemo a hannun yarinya ya hau kan rufi ya zauna yana ɓarewa yana kallonmu, bai ko gudu ba. Ƙofar ɗaki ma a sa mukulli, sun iya murɗa hannun ƙofa. Gadu ma na yawo a tsakar sansanin amma su ba ruwansu da kowa in ba ka matsa musu ba.

Na Bauchin Yakubu: Haka ne Hajiya. Kuma laifin baƙi ne, su suke ba su abinci don su yi bidiyo, shi ya sa suka raina mutane.

Abban Sadiq: To giwayen ana ganinsu kuwa? Don wani abokina ya ce ya je bai ga komai ba sai mazo da gwambaza.

Na Bauchin Yakubu: Sa'a ce da kuma lokaci. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba gidan zu ba ne da za a ce ga kejin giwa can. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo kuma ruwa ko'ina akwai, dabba ba ta da dalilin zuwa kogi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu da tafkuna suka ƙafe dole su taru a Gaji, a nan ne ake dacewa, sai dai zafin lokacin sai mai haƙuri. Zaki kam kar ma ku sa rai, sun yi ƙaranci sosai.

Hamma Jalingo: Salamu alaikum. Na ga an ambaci Gashaka shi ya sa na ajiye abin da nake yi. Ƙanena abin da ka kwatanta, goya jaka, tsallake rafi, kwana a tanti, dafa shayi a kan duwatsu uku, Gashaka Gumti kake nufi ko ka sani ko ba ka sani ba. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan ninki uku na Yankari, ɓangaren kudu yana Taraba na arewa yana Adamawa wajen Toungo, an kafa shi a 1991. Kuma a cikinsa dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan yake, Chappal Waddi, wasu su ce Gangirwal, mita 2,419, yana kan iyaka da Kamaru.

Hedikwatar gandun tana Serti. Daga Jalingo za ku bi ta Bali ku isa Serti, kuma nan ne farkon komai, ku shiga ofis ku yi rajista ku biya kuɗin shiga ku karɓi rasit, su za su haɗa ku da malaman daji da za su raka ku. Kar wani ya ruɗe ku a tasha ya ce shi ya san hanya zai kai ku a ɓoye da araha. Na farko laifi ne, na biyu in wani abu ya faru ba wanda ya san kun shiga balle a neme ku.

Daga nan zaɓi biyu ne. In daji mai duhu kuke so da koguna, sai a shiga ta ƙauyen Gashaka, akwai wurin da dorina ke taruwa a kogin Kam, akwai kufan sansanin Jamusawa a kan tudu tun zamanin da yankin ke hannunsu, sannan a taka zuwa Kwano inda masu binciken birai suka daɗe suna aiki. Dajin nan akwai cimpanzi, ganinsu da wuya amma za ka iya jin ihunsu da asuba ko ka ga sheƙar da suka yi da ganye a saman bishiya suka kwana. Daga wannan ɓangaren ma ana iya takawa har Chappal Waddi amma tafiyar mako ce ko fiye, ban ba sabon shiga shawarar ta ba. In kuma ƙololuwar kawai kuke so, sai ku wuce Serti zuwa Mayo Selbe ku hau Mambila ta Biyu da Sisi, ku bi Maisamari zuwa Nguroje, daga can a ɗau acaɓa zuwa Njawai, sauran kuma ƙafa ce. Wannan ta fi gajarta nesa ba kusa ba, yawancin masu hawa yanzu ita suke bi.

Abban Sadiq: Allah ya saka Hamma. Acaɓan nan fa, hanyar tana da kyau?

Hamma Jalingo: Hahaha. Ka dai riƙe ɗan acaɓan da kyau. Hawa da gangara ne kan jar ƙasa, wani wurin sai ka sauka ka taka shi ya haura da mashin. Yaran can sun ƙware, amma mutum ɗaya da jakarsa a kan mashin ɗaya, kar ku ce za ku yi goyon biyu don rage kuɗi. Da damina kam santsi ne zalla, kar a fara.

Bazazzagi: Bakano da rage kuɗi ai sai Allah. Ina nan ina jira in ji sun ce za su tafi da atamfa su sayar a Nguroje su mai da kuɗin mota.

Abban Sadiq: Kai dai da ko Kufena ba ka taɓa hawa ba ga shi a bayan gidanku, yi mana shiru manya na magana.

Bazazzagi: Na hau Kufena kafin a haife ka yaro. Kuma da gaske nake yanzu, ku fara gwaji tun a gida. Ku cika jakar da kayan da za ku tafi da su ku dinga hawa Dala da Goron Dutse da asuba, hawa da sauka, ba sau ɗaya ba, har ƙafa da kafaɗa su saba. In da hali ku je Jos ku gwada duwatsun Shere ku kwana ɗaya a tanti, a nan za ku gane wanda zai iya da wanda baki ne kawai. A cikin mutum shida dole akwai mai tumbi ɗaya da zai ce a dawo.

Kawu Ɗanlami: Mai tumbin shi ne mai hankalin cikinsu.

Mai Kamara: Ni maganar lokaci zan yi don na ga kowa na cewa rani rani. Eh rani ne, amma wane ranin? In kuka je tsakiyar hunturu, Janairu haka, hazo zai rufe komai, ka sha wahala ka hau har sama ka duba ɓangaren Kamaru ba ka ganin komai sai fari fat, ga ciyawa an ƙone tuddai sun yi baƙi. Ni a ganina ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, ruwa ya ɗauke, tuddan suna nan kore shar, sama garau. Wanda yake son hoto ya ji wannan.

Hamma Jalingo: Maganarka gaskiya ce a ɓangaren Mambila. Amma in ta ƙauyen Gashaka za a shiga Nuwamba koguna ba su gama janyewa ba, yankin nan ruwan sama yana kai wa har Oktoba da ƙarfinsa, wani rafin da za ka tsallake da ruwa iya gwiwa a Fabrairu a lokacin yana iya kai maka ƙirji kuma da gudu. Shi ya sa ake cewa Disamba zuwa Maris. Su dai su zaɓi ɓangare tukuna sannan a yi maganar wata. Kuma su lissafa da azumi, a gama kafin ya kama.

Mai Kamara: To na yarda. Amma batir ku tanada, sanyi na shanye cajin waya da na kamara, ku dinga kwana da su cikin bargo. Fawa bank biyu aƙalla. Kuma ku sauke taswira a waya tun kuna gari don sabis sai an hau wani tudun ake samu, wani lokacin ma layin Kamaru wayar za ta kamo.

Anti Nas: Sannunku. Bari in sa baki ta ɓangarenmu tunda na ga kowa hoto da acaɓa yake ta yi ba wanda ya yi maganar lafiya.

Ruwa shi ne na farko. Komai kyan rafi a ido kar ku sha haka, sama da ku akwai shanu akwai mutane. A tafasa, ko a sa ƙwayar tsaftace ruwa irin Aquatabs a jira minti 30. Ku ɗau ORS da yawa, in ya ƙare lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa a daji ita ke kayar da ƙato ba zaki ba. Kuma kar a yi wanka a ruwan da ke kwance mara gudu saboda tsargiya.

Ƙudan tsando yana nan a Yankari yana nan a kwarin Gashaka, cizonsa da zafi kuma yana huda yadi mara kauri. Baƙin kaya da shuɗi suke jawo shi, don haka a sa ruwan ƙasa ko kakin soja mai haske, dogon hannu da dogon wando. Gidan sauro dole, ko da tantin yana da raga. Duk wanda ya dawo ya ji zazzaɓi ya je a gwada jini ya gaya wa likita inda ya je, kar ya tsaya sayen magani a kemis.

Sai maciji. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, da dare ba fita fitsari ba tocila, kar a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin itacen wuta ba a duba ba. In tsautsayi ya faɗa, don Allah ban da tsagawa da reza, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya, wannan ɗaurin shi ke sa a yanke wa mutane ƙafa. A cire zobe da agogo, a kwantar da mutum, a sa wa ƙafar itace a naɗe don kar ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kububuwa musamman, mutum zai ce ai ya ji sauƙi alhali jini ne ya daina daskarewa a ciki, sai an yi allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe shi ya shahara da wannan aikin, amma mafi kusa za a fara kai wa. Sannan filasta, bandeji, farasitamol, man zafi, da maganin duk wanda ke da asma ko ciwon suga a jakarsa shi kansa ba a jakar wani ba.

Abban Sadiq: Anti kin sa jikina ya yi sanyi.

Anti Nas: Ba tsoratarwa ba ce ƙanena, mutane na zuwa suna dawowa lafiya lau. Abin da zai fi damunku ma bororo ne a ƙafa. Kar wanda ya sayi sabon takalmi ya ce sai ranar tafiya zai ɗaura shi.

Ɗan Gwanjo: Nan ne fagena. Ku shiga Ƙofar Wambai da safe ranar da aka kwance dila, ana samun takalman hawan dutse na Turai masu kauri da ƙasa mai haƙora, ku duba kar gam ɗin ƙasan ya saki don wasu sun daɗe a ajiye, ka lanƙwasa shi da hannu ka gani, in ka samu mai kyau ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki. Ka ɗau wanda ya ɗan fi ƙafarka kaɗan saboda safa mai kauri da kuma gangara, in ya matse farcen babban yatsa zai yi baƙi ya fita. Jaka kuma mai bel a ƙugu, don nauyin ya sauka a kwankwaso ba a kafaɗa ba, jakar makaranta ba za ta yi ba. Jakar barci mai zif ita ma ana samu, da rigar sanyi da hular sanyi da rigar ruwa. Tanti ne dai sai an bincika, in kun samu ku kafa shi a tsakar gida ku ƙirga sandunan ku watsa masa ruwa da buta ku ga ko yana yoyo. Ku haɗa da tamfol na shimfiɗawa a ƙasa.

Hamma Jalingo: Rigar sanyin nan kar a ɗauke ta wasa. Mambila kanta wajen mita 1,600 take, Gembu da Nguroje da rana ma mutane da jaket suke yawo, to balle can sama da asuba ga iska ga raɓa, tanti sai ya jiƙe sharkaf ba a yi ruwa ba. Alwala da ruwan rafin can sai ka ji yatsunka sun daina aiki. Kuma nauyin jaka kar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, sauran a ba 'yan dako, akwai matasa a ƙauyukan da wannan ne abin da suke samu, a yi ciniki da su tun kafin a tashi, a fayyace ko da abinci ko ba abinci, don kar a zo tsakiyar hanya ana musu.

Maman Ilham: Abinci kuma ku bar gwangwanaye masu nauyi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da madarar gari, dambun nama ko kilishi, dabino, soyayyar gyaɗa, taliyar Indomie, shinkafa kaɗan da yaji da mai a gora mai murfi sosai. Ku sa a yi muku garin kunun gyaɗa ko garin ɗanwake, ba nauyi kuma yana riƙe ciki. Kayan shayi kam ko an manta komai kar a manta su. Ni tambayata Hamma, mata na iya zuwa? Don ni da ƙannena mun daɗe muna sha'awar Mambila.

Hamma Jalingo: Adda mata suna hawa sosai, har ƙololuwa. Ku dai zo da muharraminku, tantinku daban, dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga wadda ba ta jan ƙasa, hijabi gajere don kar ƙaya ta riƙe shi. In ma ba ku son hawan dutsen, gonar shayi ta Kakara da dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa sun ishe ku kallo, a yi yawon yini a dawo a kwana a gari.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai zuwa. A cikin gandun da gefensa akwai rugage da ƙauyuka, mutane ne da ke zaune a can tun kafin a shata iyakar gandun. In kun isa ku fara zuwa gaida Jauro ko Arɗo, ku zo da ɗan goro, sukari, ganyen shayi, gishiri, ba tilas ba ne amma haka ake yi. Kar a ɗaga waya a hau ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu hoto ba a tambaya ba. Za su kawo muku kindirmo da madara, ku karɓa ku yi alheri, madarar dai a tafasa. Kuma ledar ruwa da ta taliya da kuka shiga da ita ku fito da ita, saniya in ta haɗiye leda mutuwa take, mai ita kuma ba zai manta baƙi ne suka yar ba. Wuta a kashe ta da ruwa a tabbatar, ciyawar rani ba ta jira.

Malam Na Liman: Madalla da wannan. Ƙari a kan sallah tunda tafiya ce mai nisa. Kano zuwa Taraba ta wuce mil 48 nesa, don haka za ku yi ƙasaru, azahar da la'asar da isha raka'a biyu-biyu, sai in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ku cika. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishi, a bar shi don sha a yi taimama. Alƙibla ku duba tun da rana ku sa alama kafin duhu. Kuma ku naɗa shugaba ɗaya a cikinku wanda in ya ce a tsaya za a tsaya.

Ɗan Zango Tamale: Salam 'yan uwa na Najeriya. In wani ya shigo Gana ya zo Mole, kusa da Damongo, daga Tamale awa kaɗan ne a mota. A nan ana tafiya da ƙafa cikin daji da safe tare da renja mai bindiga, kuma giwa kana ganin shi kusa sosai, lokacin rani suna zuwa wanka a tafki a ƙasan tudun da masauki yake, kana zaune a sama kana kallo. Akwai wurin kafa tanti ma. Sannan ka tsaya Larabanga ka ga tsohon masallaci na ƙasa. Hausa ana ji, ba za ku ɓata ba.

Abban Sadiq: Allah ya kai mu, wannan sai aljihu ya ƙara nauyi. Mutanen Nijar fa, ya labarin gandun W?

Elhaji Na Maraɗi: Lahiya lau ɗan uwa. W wuri ne mai kyau, Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa shi, da can ta Tapoa ake shiga, amma yanzu kam ban ba kowa shawara ya tai ba, sha'anin tsaro ya ɓaci a yankin. Ko Kure da ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai, tun harin watan Agusta 2020 da aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu abin ya canza. Ku yi ta Taraba ɗin, in Allah ya kawo sauƙi mu da kanmu za mu kira ku.

Na Bauchin Yakubu: Mu ma nan haka ne Alhaji. Kamuku ta Birnin Gwari da gandun Kainji a jingine su tukuna. Kuma ko Yankari ko Gashaka, sati ɗaya kafin tafiya a tuntuɓi ofishinsu a ji halin da ake ciki a lokacin, ba labarin bara ba. Ban da tafiyar dare, kowa da katin shaidarsa a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, ga shi kuma bakin iyaka za ku. Kuma kar a dinga sanar wa duniya a Facebook yau muna nan gobe muna can, a bari sai an dawo a zuba hotunan.

Injiniya: Ni fa da za ku ji tawa ku ƙara tara kuɗin ku tafi Kilimanjaro gaba ɗaya, mita 5,895, komai a tsare, 'yan jagora da 'yan dako da mai dafa abinci, ta hanyar Marangu ma a ɗakunan katako ake kwana.

Bazazzagi: Injiniya mutanen da adashi suka yi kake gaya wa dala? Bar su su fara da na gida.

Injiniya: To ai shi ke nan, na janye. Amma tsabar kuɗi ku riƙe, ƙananan canji, can sama ba mai karɓar tiransifa, ku cira tun a Jalingo ko Serti ku raba a aljihu daban-daban.

Abban Sadiq: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa sauran duk abin da kuka rubuta. Abin da muka tsayar, farkon Disamba in Allah ya kai mu, mu bi ta Bauchi mu kwana Wikki mu yi zagayen safe, sannan Gombe, Numan, Jalingo, Serti, mu hau ta Njawai. Gwaji a Dala daga Asabar ɗin nan. Hamma zan neme ka ta akwati don maganar mota daga Jalingo.

Hamma Jalingo: Ba damuwa. Amma ku juya tsarin, ku fara da dutsen ku ƙare da Wikki, ƙafar da ta sauko daga Chappal Waddi ita ke buƙatar ruwan ɗumi. Kuma daga Jalingo zuwa saman Mambila ku ware masa yini guda cur, ku fito da asuba.

Maman Ilham: A sayo mana shayin Kakara don Allah, kwali biyu.

Kawu Ɗanlami: Ni zuma. Kuma wa zai riƙe mukullin shagon Abban Sadiq kafin ya dawo?